Yadda Sabon Ma'aikaci Zai Gudanar da Aikin Rajistar Gonaki a Jos da Kewayenta

Na kama aikin gwamnati a Jos a matakin albashi na 8, aka tura ni sashen da ke kula da rajistar filayen noma, kuma a watannin farko na ɗauka aikin bai wuce a auna gona, a cika fom, a buɗe fayil, a miƙa wa na gaba ba. Sai da na shekara ina bin ƙauyuka da lambunan bakin tafkunan kuza kafin na fahimci cewa gona ɗaya takan ɗauki haƙƙin mutum huɗu ko biyar a lokaci guda, alhali takardar da muke shiryawa layi ɗaya ta tanadar wa suna. Duk mai haƙƙin da ba mu rubuta ba, alƙalaminmu ne ya fitar da shi daga gonar, ko da ba mu yi nufin haka ba. Na tsara wannan bayani ne domin ƙannena da ake ɗauka wannan aiki, bisa jerin da nake bi a yanzu, tun daga teburin ofis har zuwa ranar da manomi zai karɓi takardarsa.

Mataki na farko: ka san dokar da kake aiki da ita

Kafin ka taka gonar kowa, ka nemi kwafin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ka karanta ta da kanka, kada ka dogara da abin da ake faɗa a ofis. Sashe na 1 ya danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Najeriya, saboda haka abin da mutum yake riƙe da shi a idon doka shi ne haƙƙin zama da amfani da fili. Haƙƙin iri biyu ne: akwai wanda gwamna ke bayarwa, akwai kuma na gargajiya wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Sashe na 6 ya iyakance ƙaramar hukuma ga hekta 500 idan noma za a yi, da hekta 5,000 idan kiwo ne, abin da ya haura haka kuwa sai da amincewar gwamna. Sashen da na fi so ka haddace shi ne na 36, domin shi ne garkuwar ƙaramin manomi: wanda dokar ta tarar yana noma filinsa a karkara yana da ikon ci gaba da riƙe shi tamkar an ba shi haƙƙin gargajiya, ko da bai taɓa riƙe takarda ba. Idan wani ya zo maka da maganar cewa gona ba ta da mai ita tunda ba ta da takarda, wannan sashe ne amsarsa.

Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokokin Turawa na 1910 da 1916, da Dokar Mallakar Filaye ta Jihar Arewa ta 1962, duk sun ɗora ikon ƙasa a hannun hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya kulle dokar 1978 a sashe na 315, shi ya sa gyara ta yake buƙatar irin matakan gyaran kundin kansa. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka kuma gwada rajistar filaye gida-gida a jihohin Kano da Ondo. Sanin wannan zai taimake ka ka gane cewa gyaran da ake nufi a ƙasarmu ya fi karkata ga tabbatar da haƙƙin da mutane suke riƙe da shi tun asali. Ya sha bamban da abin da Habasha ta yi a 1975, lokacin da aka mayar da filayen karkara mallakar jama'a aka sake rabawa.

Mataki na biyu: fayil da taswira

Ka karanta fayil daga shafin farko, ba daga na ƙarshe ba, ka lura da lambar kowane shafi, domin inda lamba ta tsallake akwai takardar da aka cire. Daga nan ka tantance abu uku a taswira. Na farko, ko gonar ta faɗa cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, tunda Jos da Bukuru sun daɗe suna cin ƙauyukan da ke gefensu, kuma gona takan kasance cike da masara alhali a takarda tana cikin birni, ikonta ya fita daga hannun ƙaramar hukuma. Na biyu, ko an taɓa ba wani takarda a kan wurin, wanda za ka bincika a rajistar ma'aikatar filaye da kuma PLAGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen jihar a kwamfuta. Na uku ya keɓanta da Filato: ko wurin yana cikin tsohon filin haƙar kuza ko akwai lasisin haƙar ma'adinai a kansa, domin sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya bar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma takardar gona ba ta bai wa mai ita abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Mataki na uku: ka shiga gari ta ƙofarsa

Da ɗan gari akan ci gari. Ka aika wa hakimi takarda, ka je ka gai da dagaci ko basaraken yankin, wanda a ƙasar Birom ake kira Gwom, sannan ka nemi mai unguwa ya sanya ranar taro. Kada a fara ganinka a gona da na'urar awo kafin a ji bayaninka, domin a ƙauye ganin safiyo yana nufin gwamnati za ta karɓe fili, kuma mutanen Filato, waɗanda kamfanonin kuza suka tone gonakin kakanninsu tun farkon ƙarni na 20, suna da dalilin yin wannan zato.

A wurin taron ka yi magana da Hausa mai sauƙi, tunda ita ce ta haɗa kowa a nan, amma ka nemi wanda zai maimaita da harshen garin saboda tsofaffi. Ka faɗi abin da ya kawo ka, da nawa za a biya, da inda ake biya, da cewa kowane biya yana da rasit. Za a tambaye ka ko rajista za ta jawo haraji. Kada ka ce a'a don ka faranta musu rai. Ka bayyana cewa takardar gwamna, wadda jama'a suka fi sani da C of O, ta wa'adi ce, kuma akwai kuɗin ƙasa da ake biya a kanta duk shekara. Na ga yadda alkawari ɗaya da wani ya yi ba bisa gaskiya ba ya rufe mana ƙofar wani ƙauye har tsawon damina biyu. Inda gari ya haɗa Musulmi da Kirista, ko manoma da makiyaya, ka tabbata sanarwar ta isa masallaci da coci da ruga, ka kuma zaɓi wurin taron da kowane ɓangare zai iya zuwa hankalinsa kwance.

Mataki na huɗu: ka zagaya iyaka da ƙafa, kuma sau biyu

Ranar awo ka tara mai neman takarda, da maƙwabtan gona na gabas da yamma da kudu da arewa, da mai unguwa. Idan maƙwabci ɗaya bai zo ba, ka ɗage awon wannan ɓangaren. Ka bar dattawa su yi gaba suna nuna iyaka, kai da safiyo kuna biye, kana rubuta alamar da suka ambata da irin kalmar da suka faɗa: shingen ƙerana, layin gamba, tsohuwar ɗorawa, dutse mai tsaguwa, bakin kwari. A tudun Filato shingen ƙerana shaida ne mai ƙarfi, domin yakan girmi duk waɗanda suke tsaye a wurin. Na'urar da ke aiki da tauraron ɗan'adam za ta ba ka lambobi, amma lambobin suna nuna inda aka tsayar da ita ne kawai, ba su san ko an tsaya a kan gaskiya ba. Kada a kafa turken siminti sai maƙwabtan biyu suna tsaye sun amince, ka kuma ɗauki hotonsu a wurin da izininsu.

Ka kula da ma'auni. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi, amma manomi yakan kira kowace gona matsakaiciya eka, wani kuma da yawan buhunan dankalin da yake shukawa yake lissafi. Ka rubuta abin da ya faɗa da abin da awo ya nuna, ka karanta masa duka biyun a gaban shaidu, don kada daga baya ya ce an rage masa.

Dalilin da ya sa na ce sau biyu shi ne, damina a Jos takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma mutumin da za ka tarar a gona a watan Agusta ba lallai ne shi za ka tarar a Disamba ba. A nan ne na yi kuskuren da ya fi koya mini aikin nan.

Mataki na biyar: ka nemo duk mai haƙƙi a cikin gonar

Wani magidanci ya nemi takarda a kan gonar gidansu da ke bakin wani tafkin kuza a kudancin Jos. Na je a watan Agusta, na tarar da masara ta yi kai, maƙwabta suka shaida cewa gonar gadonsu ce, na rubuta a rahotona cewa babu wani mai haƙƙi a wurin. A watan Disamba wani aiki ya bi da ni ta hanyar, da safe, cikin sanyin hunturu, sai na ga gonar ta koma lambu: an ja kunyoyi an dasa kabeji da latas da karas, injin ban ruwa yana ta ƙugi a bakin tafki, wani dattijo da hular sanyi yana gyara kunyoyi da fartanya. Na yi sallama, na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan lambun naka ne?" Ya miƙe ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa cewa ƙasar nan tawa ba ce. Mahaifinsu ne ya ba mahaifina aron rani, muna shiga bayan sun cire masara, mu fita kafin ruwa ya sauka, kuma duk shekara muna kai musu abin da aka yi alkawari. Takin da muke zubawa shi masararsu take ci. Amma magudanar nan mahaifina ne ya haƙa ta, kuma ba wanda ya gaya mini ana yin takarda." Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da takardar ta fita a kan rahotona, aka sayar da wurin ga mai gini, da wannan dattijo ya rasa sana'ar da ya gada ba tare da ko sanarwa ba, kuma da sa hannuna. Na koma ofis na ce wa shugabana, "Yallaɓai, rahoton da na kawo bai cika ba," na nemi a dawo da fayil. Muka zaunar da ɓangarorin biyu a gaban mai unguwa, aka rubuta yarjejeniyar aron rani da wa'adinta da abin da ake biya da tsawon sanarwar da za a bayar idan za a karɓi wurin, kowa ya sa hannu, aka saka kwafi a fayil.

Tun daga ranar na daina tambayar "gonar wa ce?" ita kaɗai, domin amsarta suna ɗaya ne. Tambayoyin da nake yi yanzu su ne: wa ke noma ta da damina, wa ke noma ta da rani, ta wace hanya ta zo hannunsa, wa ke cin itatuwan da ke ciki, wa ke bi ta cikinta zuwa ruwa, kuma akwai kuɗin wani a kanta? Hanyoyin riƙe gona a wurinmu sanannu ne, kuma kowace da hukuncinta. Akwai gado, da saye, da kyauta, da aro, da haya, da jingina. Jingina ce ta fi rikitar da sabon ma'aikaci, domin wanda ya ba da kuɗi ya karɓi gona yakan shekara ashirin yana noma ta har 'ya'yansa su tashi suna ganin tasu ce, alhali a al'ada duk ranar da mai gona ko magadansa suka dawo da kuɗin, gona ta koma. Daɗewa ba ta mayar da jingina saye, haka kuma ba ta mayar da aro kyauta. Idan ka ji an ce "mun saya", ka tambayi su wa suka shaida, nawa aka biya, ko akwai 'yar takardar da mai unguwa ya sa wa hannu.

Itatuwa ma ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. A wurare da yawa mai gona daban, mai itacen atili ko ɗorawa ko mangwaro daban, musamman inda aka raba gado aka bar itatuwa a matsayin na kowa. Sau da yawa kuma ana hana mai aro dasa itace, saboda dashe yana nuna iƙirarin mallaka, don haka idan ka ga mai aro ya yi dashe, ka bincika ko da izini ya yi.

Ka bambance gandu da gayauna, wato 'yar gonar da mutum ɗaya a cikin gida yake nomawa don kansa. Gandu na gida ne baki ɗaya, kuma idan ka rubuta sunan babban wa shi kaɗai, ka mayar da dukiyar mutum goma ta mutum ɗaya, wanda zai iya kai takardar banki ba da sanin sauran ba. Abin da ya dace shi ne a yi taron iyali, a rubuta sunayen dukkan magada, su sa hannu cewa wane ne wakilinsu, a bayyana a fayil cewa a matsayin wakili yake riƙe da ita.

Akwai wani lamari mai nauyi da ba zan tsallake ba. Tun rikicin Jos na Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya, akwai mutane daga kowane ɓangare da suka bar gidajensu da gonakinsu saboda tsoro, wasu kuma suka shiga suna nomawa. Idan ka tarar da gonar da aka ce mai ita ya tashi, ka tambayi yaushe ya tashi da abin da ya tashe shi. Wanda tashin hankali ya kora bai saki haƙƙinsa ba, kuma rajistar irin wannan gona da sunan wani a bayan idonsa zuba wa wuta fetur ne. Ka dakatar da fayil ɗin, ka rubuta dalili, ka kai maganar gaba, ko da wanda ke neman takardar ɗan garinku ne ko kuna sallah ko ibada wuri ɗaya.

Mataki na shida: mata da marayu

A taron ƙofar gidan mai unguwa maza ne ke magana, saboda haka ka roƙi a haɗa ka da abokiyar aiki mace wadda za ta shiga cikin gida ta ji ta bakin matan. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A gidan Musulmi rabon gado a bayyane yake: 'ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, matar mamaci tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba. Abin da ke faruwa shi ne, 'yan'uwa maza sukan ci gaba da noma rabon 'yar'uwarsu da ta yi aure a wani gari, da sunan riƙo, har a manta nata ne. Ka tambaya kai tsaye, "Mamacin ya bar 'ya'ya mata? Ina suke? An fitar musu da nasu?" A gidajen da ke bin al'adar gargajiya tsarin ya bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila, kuma ba aikinka ba ne ka ɗora musu wani tsari, sai dai ka rubuta a fili cewa akwai gwauruwar da ke ciyar da 'ya'yanta daga wannan gona, don kada takarda ta zama sandar korarta. Game da marayu, sashe na 7 ya hana gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba haƙƙin fili kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa, don haka ka tabbata an rubuta cewa riƙo ne, da sunayen yaran.

Mataki na bakwai: burtali da mashaya

Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ce ta ba da damar keɓe makiyaya, kuma a Filato akwai babbar makiyaya a Wase, amma yawancin burtalan da shanu ke bi kullum ba sa cikin kowace taswirar ofis. Ka nemi arɗon yankin da dattawan manoma su nuna maka hanyar tare, ka zana ta a taswirar aikinka da faɗinta, haka ma mashaya da hanyar da mata ke bi zuwa rafi. Gonar da aka auna har ta haɗiye burtali za ta jawo ɓarna a daminar farko.

Mataki na takwas: a kafe sunaye, a saurari ƙorafi

Bayan awo, a kafe jerin sunaye da zanen gonakin a inda jama'a ke taruwa, a kuma karanta da baki ranar kasuwa saboda waɗanda ba sa karatu. Wa'adin ƙorafin da ofis ya sanya kada ka rage shi ko da kwana ɗaya, ko mai neman takarda yana gaggawa. Duk wanda ya zo da ƙorafi ka rubuta sunansa da ranar da abin da ya ce, ka ba shi shaidar cewa an karɓa.

Ka riƙa tunawa kai ba alƙali ba ne. Ƙaramin saɓani a kan kunya ɗaya ko biyu, dattawa sukan sasanta shi a tsaye, kai kuma ka rubuta abin da aka amince. Amma inda mutum biyu kowa ke cewa gonar tasa ce, ka sa wa fayil alamar rigima ka tsaya. Dokar ta raba hurumi: shari'ar haƙƙin da gwamna ya bayar tana Babbar Kotu bisa sashe na 39, ta haƙƙin gargajiya kuma kotun yanki ko ta gargajiya tana da ikon saurarenta bisa sashe na 41. Da zarar ka ji magana tana kotu, ka cire hannunka har sai an kawo maka hukunci a rubuce.

Mataki na tara: rubutun fayil da ƙididdigar diyya

Abin da ka rubuta a fayil zai daɗe fiye da zamanka a ofis. Ka raba abin da ka gani da idonka da abin da aka faɗa maka, ka ambaci wanda ya faɗa, ka sa kwanan wata da sa hannu. Idan na gaba da kai ya ba ka umarni da baki a kan abin da ka ga bai dace ba, ka ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mini a fayil don in bi." Na sha ganin umarnin da ya mutu a wannan gaɓar. Shekara biyun gwaji kafin a tabbatar da kai a aiki sukan sa sabon ma'aikaci tsoron yin haka, amma sa hannunka ne za a nema ranar da aka zo bincike.

Wani lokaci aikin zai zama na karɓar fili domin hanya ko makaranta. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙi saboda buƙatar jama'a, tare da ba mai shi sanarwa, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da mutum ya sanya a filin, kamar gini da amfanin gona da aikin ban ruwa, ba a kan ƙasar kanta ba. Wannan yakan yi wa manomi ciwo, kuma a ganina yana da gaskiya, domin kuɗin masarar shekara ɗaya ba zai maye gurbin gonar da za ta ciyar da jikoki ba. Tunda ba ka da ikon sauya doka, abin da ke hannunka shi ne ƙidaya ta gaskiya: ka ƙirga kowane itace a gaban mai shi, ka rubuta rijiya da magudana da shinge, ka rubuta amfanin mai aro da sunan mai aro, ka ba kowa kwafin abin da aka ƙirga masa a ranar. Wanda bai gamsu da adadin ba, ka sanar da shi cewa sashe na 30 ya tanadi a kai saɓanin gaban kwamitin rabon filaye na jiha.

Mataki na goma: abin da za a miƙo maka

Ruwan sha da goro karamci ne, ƙin karɓa ma raini ne. Amma za ka dawo wurin mota ka tarar an saka buhun dankalin Turawa a but, ko wani ya ja ka gefe ya ce akwai fuloti ɗaya da aka ware maka idan takarda ta fita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulki ya hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda aikinsa, kuma hanyar mayarwa ba tare da kunyata mutum ba ita ce ta hannun mai unguwa, kana mai cewa dokar aiki ce ta ɗaure ka. Jadawalin ya halatta wa ma'aikaci yin noma, amma shawarata ita ce kada ka sayi gona, kai ko wani naka, a yankin da kake aikin rajista, domin ko cinikin halal ne ba wanda zai sake yarda da awonka.

Mataki na ƙarshe: miƙa takarda

Ranar da takarda ta fito, ka zauna da mai ita ka karanta masa sharuɗɗanta da Hausa: wa'adinta, da kuɗin ƙasa na shekara, da amfanin da aka amince a yi da filin. Ka bayyana masa cewa sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewar hukuma, ta gwamna bisa sashe na 22 ga takardar gwamna, ta ƙaramar hukuma bisa sashe na 21 ga haƙƙin gargajiya, domin da yawa sukan sayar da gona su miƙa takarda hannu da hannu, sai bayan shekaru mai saye ya gano sunansa ba ya ko'ina. Ka shawarce shi ya yi kwafi ya ajiye a wani gida dabam, kuma idan mai takarda ya rasu, magada su zo a gyara rajista kafin a shiga rabo. Duk wanda ka rubuta a matsayin mai aro ko mai haya ko mai itace, shi ma ka ba shi kwafin shafin da ya ambace shi.

Ka riƙe littafi naka na kanka wanda kake rubuta ranar kowace fita, da waɗanda suka halarta, da fayilolin da ka dakatar da dalilinsu, domin sauyin wurin aiki yakan zo ba shiri, kuma wanda zai gaje ka da wannan littafi zai san inda ka tsaya. A nawa, shafin dattijon nan mai lambu yana ɗauke da ranar da yarjejeniyarsa za ta ƙare, na kuma rubuta a ƙasa cewa a tuntuɓi mai unguwa wata uku kafin lokacin, tun masara ba ta bar gona ba, don a zauna a sabunta ta kafin ya sayi irin kabeji.